Tukunyar Iya a Sansanin Coci

Shekarar da yaƙin basasa ya yi tsanani, dattawan ikilisiyarmu suka zauna suka yanke cewa bana babu sansanin matasa. Ina da shekara goma sha bakwai a lokacin, kuma tun ina 'yar sha biyu ban taɓa fashi ba. Mako guda ne a babban hutu, tsakiyar damina, a wata firamaren mishan da ke can bayan gari idan an fita ta Ƙofar Kabuga. Da aka yi sanarwar bayan sujadar Lahadi, ji na yi kamar an ɗauke ni da mari.

Dalilin da suka bayar shi ne wai babu tukunya. Gaskiya ne babu. Matar da ke mana girki duk shekara, matar wani tela ce mutumin Gabas, ita ke zuwa da manyan tukwanenta. Ta tafi da sauran mutanenta cikin rikicin da ya gabaci yaƙin, daga ita sai zanen jikinta da 'ya'yanta, tukwanen kuwa Allah kaɗai ya san gidan da suke dafa tuwo a yanzu. Amma kowa ya san ainihin dalilin tsoro ne. Cocin ya rame, benci bayan benci babu kowa, waɗanda suka rage kuma ko waƙa ƙasa-ƙasa suke yi kamar masu jinya. Wannan ƙasa-ƙasan shi ya fi ƙona mini rai.

Na tare babban dattijon a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, in an samu tukunya fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "In kin samo wadda za ta ciyar da mutum talatin, ku tafi, Allah ya kiyaye hanya."

Ya faɗa ne don ya tabbata babu inda zan samo. Bai san ina da kaka a cikin birni ba, ko kuwa ya sani bai zaci ƙafata za ta kai can ba.

Mahaifina haifaffen unguwar Sheshe ne, a cikin birni. Yana saurayi ciwon ido ya kai shi asibitin mishan, ya warke, ya zauna yana musu aiki, daga baya ya karɓi addininsu. Tun daga nan ya fita daga cikin ganuwa, 'yan uwansa kuma suka ɗauke ƙafa. Mahaifiyarsa ce kaɗai ta ƙi. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini, ni kuma in ce mata Iya. Iya tana da wata tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, baƙa ƙirin, wadda sai ƙarti biyu ke iya ɗagawa. Duk wani biki ko suna ko sadakar bakwai a Sheshe, har ma da Madabo, da tukunyar nan ake yi. Ba ta karɓar komai a kai. Mutuncinta ne a unguwa, kowace uwar biki sai ta zo ta durƙusa a ɗakinta.

Na tarar da ita tana kaɗi a tsakar gida. Bayan gaisuwa na ce, "Iya, aron tukunya na zo."

"Au, an samu mai tsautsayin da zai kwashe ki ke nan? Yaushe ne ɗaurin auren?"

"Ba aure ba ne. Taronmu ne na coci, kwana bakwai."

Ta ci gaba da murza mazarinta, ba ta ɗago ba. Ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana alwala a bakin rariya, duk ya ji. Ya ajiye buta ya ce, "Iya, tukunyar da ake dafa sadakar mamata da ita? Kin san abin da mutanen nan ke ci kuwa? In ta fita gidan nan zuwa can, wallahi babu matar da za ta sake ɗora ta a murhunta."

Iya ta ce, "Kai dai ƙarasa alwalarka kada ta bushe." Sannan ta juyo gare ni. "Ki nemo mai amalanke. Ranar da kuka gama ki dawo mini da abata, akwai suna a Madabo."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Na jira ta kafa mini sharaɗi, ta ce kada a dafa kaza, kada a zuba kaza. Ba ta ce ba. Da ta ce, da abin ya fi mini sauƙi, don sharaɗi ana iya yi masa wayo. Amanar da aka ba ka baki a rufe ita ce mai nauyi.

Ranar Litinin muka tura amalanke, mu ashirin da uku, bara kuwa mun fi haka ninki uku. A Ƙofar Kabuga sojoji sun sa shinge. Wani ya buga tukunyar da gindin bindiga ta yi ƙara, ya ce, "Mene ne a ciki?" Na ce, "Iska." Shugaban matasanmu, wani ɗalibin kwalejin horon malamai mai son a san ya yi karatu, ya taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Sojan ya leƙa, ya ga iskar ce kuwa, ya yi dariya ya ɗage mana itacen.

Sansanin bana bai yi kama da na da ba. Aji biyu kawai muka buɗe, ɗaya na maza ɗaya namu, kuma ko a hakan tabarmi sun yi wa ɗakin kaɗan. Da safe mu yi addu'a da haddar aya, da hantsi mu share filin makaranta mu yi maci, da la'asar wasanni da waƙa. Ni na ɗauki girki, tunda tukunyar ta kakata ce. Ranar farko na ƙona tuwon, don tukunyar mutum ɗari ba ta san tuwon mutum ashirin ba, garin ya baje a gindinta ya kama. Muka ci da ƙauri. Amma mun yi waƙa da ƙarfi a filin nan, irin wadda muka daɗe ba mu yi ba, har mutanen ƙauyen suka fito kan gonakinsu suna kallo. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har yau in na tuna sai raina ya yi sanyi.

Abincin ne matsala. Abin da iyaye suka iya haɗa mana garin dawa ne da kuka da ɗan daddawa. Babu nama, babu mai. Kwana uku muna tuwo da miyar kuka tsura, safe da yamma, har maza suka fara cewa kukar ta fito musu a ido.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga wani manomi daga ƙauyen, mai bin addininmu ne shi ma, ɗauke da cinyar alade guda a kafaɗa, ya ce ya ji waƙarmu ne ya kawo mana gudummawa. Ihun da aka yi sai ka ce an ce yaƙi ya ƙare. Nan da nan maza suka kama yanka, wata ta ruga ɗebo ruwa, shugaba ya ce, "A ɗora tukunya!"

Ban yi shawara da kowa ba. Na kira wata ƙawata ta kama mini, ba ta san abin da nake nufi ba, muka kife tukunyar a ƙasa. Na haye gindinta tsakanin ƙafafun nan uku na zauna, da farin siket ɗina na maci.

Shugaba ya ce, "Ke, mene ne haka?"

Na ce, "Ba a tukunyar nan ba."

Ya gyara tsayuwa ya jawo mini ayoyi har uku a jere, kan cewa babu abincin da ke ƙazantar da mutum. Na ce, "Malam, ban musa ba. Ban ce haram ne ba, ku ci har ku suɗe hannu. Amma tukunyar nan ta tsohuwa ce, ita kuma a wurinta haram ne, kuma da ita ake dafa wa unguwarsu abinci."

"Ta hana ki ne?"

"Ba ta hana ba."

"To, wa zai gaya mata? A wanke da toka, shi ke nan."

"Ni zan sani," na ce. "Kuma ni zan kalli idonta."

Sai aka yo mini caa. Wannan ya ce 'yar birni ce dama, wancan ya ce ƙafarta ɗaya a coci ɗaya a masallaci. Duk waɗannan ban damu ba, na saba. Wadda ta soke ni ita ce ƙawar nan tawa da ta kama mini kifewa. Idonta ya ciko, ta ce, "Mutanen da suka kori 'yan uwanmu, suka wawashe tukwanen maman girki, yau ke ce mai gadin tasu?" Ni ma ina kewar waɗanda suka tafi, wasu tun muna ajin Lahadi muke tare. Amma na ce, "Iya ba ta kori kowa ba. Da ba don ita ba, da yanzu kina gida kina tsintar tsakuwa a shinkafa."

Maza biyu suka matso za su ɗaga ni. Na ce duk wanda ya taɓa ni sai na bar masa shaidar haƙori da zai nuna wa jikokinsa. Sun san ni, suka ja da baya. Ana cikin haka ruwa ya sauko. Kowa ya gudu baranda, ni ina zaune a kan tukunya, ruwa yana dukana, baƙin tukunya yana bin siket ɗina har ƙafa. Ina kuka, amma ruwan ya rufa mini asiri.

Ƙarshenta gasa naman suka yi a baranda da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya turnuƙe, rabi ya ƙone rabi bai nuna ba. Babu wanda ya miƙo mini, ni ma ban nema ba. Kwana biyun da suka rage kusan babu mai yi mini magana, sai dai in na wuce a ce, "Ga Hajiya mai tukunya." Tuwon da Hajiya ta tuƙa kuwa babu wanda ya ƙi ci.

Ranar tashi na ga bai kamata in mayar wa tsohuwa da tukunya fayau ba. Na je wurin manomin nan na roƙi ɗanyar masara, ya karyo mini cike da kwando. Na wanke tukunyar, na dafa masarar a ciki, na rufe da ganyenta, muka ɗora a amalanke da ɗuminta.

Bayan la'asar na shiga Sheshe. Labarin dawowar tukunya ya riga ni, mata sun cika tsakar gidan Iya, har da uwar sunan Madabo, kowa ta zo ganin yadda za a ƙare. Baffa yana tsaye a zaure, ya riga ya kira mai ga-ruwa da garwa biyu. Ya ce wa mai amalanke, "Sauke ta nan waje. Sai an wanke ta sau bakwai kafin ta shiga gidan nan." Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma ki rantse a gaban mutane ba a dafa ƙazanta a ciki ba."

Da na buɗe baki na ba da labarin ranar Alhamis, da ruwan da ya dake ni, da gorin da na sha, wataƙila da ya yi shiru. Amma na ga ban zauna a kan tukunyar nan don in zo in karanta wa Baffa ba. Na ce, "Baffa, ba kai ka ba ni aro ba. Ba zan rantse ba."

Mata suka ɗauki salati. Uwar suna ta ce, "To ai kun ji." Baffa ya yi wa mai ga-ruwa alama ya zuba.

Sai ga Iya ta fito, tana dogara bango. Ta ce wa mai ga-ruwa, "Kai, kai ruwan nan randa, mun gode." Ta zo ta tsaya a kan tukunyar, ta ɗage ganyen, tururi ya taso. Ban iya ɗaga ido ba, jira nake ta tambaye ni. Na shirya in gaya mata komai, ita kam.

Ba ta tambaya ba. Ta zura hannu ta zaro masara guda, ta yi bisimilla a fili yadda na ƙarshen zaure zai ji, ta zauna a kan dakali. Haƙoran Iya huɗu ne suka rage a duniya, masarar kuwa ta ɗan yi tauri. Haka ta riƙa gwaguyarta a hankali, layi bayan layi, jama'a na tsaye babu mai tari, Baffa yana kallon ƙasa. Sai da ta bar totuwar fes, ta jefar, ta share baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Takwara, gishirinki ya yi kaɗan. Ku shigar mini da tukunyata."