Ni Ne Na Aiko, Ka Buɗe

Maigidana ba ya yarda da takarda. Ba ta hannu ba, wadda ake aikowa ta kwamfuta. Aikinsa ke nan a wata ma'aikata a Jimeta, kula da kwamfutoci, sai ya kwaso aikin ya kawo mana gida. Ana tsakiyar cin tuwo zai fara wa'azi: wai manhajar buɗe takardun PDF in ta tsufa ba a sabunta ta ba, katanga ce da damina ta zubar. Ɓarawo zai naɗe mugun abu a cikin takarda ya aiko, kana buɗewa ya shige ta ɓarakar, ya kwashe lambobin sirrinka, sannan ya ari sunanka ya aika wa duk wanda ka sani.

"In kwamfuta ta ce a sabunta, a sabunta," in ji shi. "In kuma takarda ta zo ba ki san da zuwanta ba, kira mai ita ki ce, kai ka aiko?"

Wannan ta biyun ita ta ishe ni. Ko katin sunan ɗan ƙawata aka turo, sai na kira mai jego na tambaye ta ko ita ce. Har ƙawayena suka laƙaba masa Kai-ka-aiko, ni kuma ban hana su ba.

To, mahaifina Bafulatanin cikin Yola ne, tsohon malamin makaranta, mai ƙarancin magana. Maigidana kuwa ɗan Jimeta ne, jikan fatake. Baba bai hana aurenmu ba, amma bai taɓa cewa ya ji daɗi ba. Shekara da shekaru abin da ke tsakaninsu gaisuwa ce kawai: maigida ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure kai a ƙasa, Baba ya amsa yana kallon bishiyar mangwaro. Ko a waya ba su taɓa magana ba. Maigida yana dariya ya ce ai surukuta ce, amma ni na san abin yana ci masa rai. Tun yana yaro ya rasa mahaifinsa, kuma ba abin da yake so irin Baba ya ɗauke shi ɗa.

Wata Asabar da hantsi, zafin Jimeta ya fara dafa mutane, sai na ji salati daga falo. Na fito da ludayi a hannu. Ga shi zaune gaban kwamfuta, ya dafe kai.

"Baba ne ya aiko mini da imel."

"Wane Baban?"

"Babanki."

Na leƙa. Sunan Baba ne kuwa, da layi ɗaya cikin Turanci wai a duba da gaggawa, da takarda a maƙale mai suna takardun gona. Kuma Baba yana da gona a Ngurore. Sai na ji wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa.

"To ai da sauƙi," na ce. "Kira mai ita ka ce, kai ka aiko?"

Ya kalle ni kamar na ce ya mari liman. "Haba! Ni in kira Baba in tuhume shi? Ke dai ki kira."

"Ni? Ai dokar ba ta ce matarka ta kira ba. Ashe wanzami ba ya son jarfa!"

Na koma kan miyata ina waƙa. Mugunta ce, na sani, amma mai jego nawa na tayar daga barci saboda shi?

Bawan Allah ya shiga uku. In ya share saƙon, kuma ya kasance da gaske Baba ne, to karo na farko da surukinsa ya nemi wani abu a wurinsa ya yi banza da shi. In ya buɗe, ya karya dokar da ya dame mu da ita. Ranar Litinin ya kai takardar ofis, ya sa ta a wata tsohuwar kwamfuta da ba komai a cikinta, ya cire ta daga intanet, sannan ya buɗe. Shafi ɗaya ne dishi-dishi ba abin karantawa, manhajar ta daskare, wani abu ya fara ƙoƙarin girka kansa a ɓoye. Ya dawo gida ya ce tarko ne, kuma an shiga kwamfutar Baba.

Nan aka koma wata sabuwa. Wa zai je ya gaya wa tsohon malami cewa ya buɗe abin da bai kamata ba? Muna cikin haka Goggo, ƙanwar Baba, ta kira ni tana faɗa da Fulatanci: ita ma an turo wa ɗanta takardun gona, wato yayanta zai sayar da gonar gado bai shawarce ta ba? Na ba ta haƙuri da ƙyar. Na juya na ce da maigida, "In ba ka je yau ba, gobe rigima ta kai gaban alƙali."

Ya saka babbar riga da hula kamar mai zuwa neman aure karo na biyu. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa cikin Yola, yana ta gumi yana bitar magana a baki. Da muka isa na shige ciki, na laɓe bayan labulen zaure, don wallahi ba zan bari wannan ya wuce ni ba.

Ya gaida Baba. Ya sake gaishe shi. Ya tambayi gona, ya tambayi zafi, ya tambayi shanun da Baba ya daɗe da rabuwa da su. Sannan ya ce wai ana ta fama da ɓarayin kwamfuta a gari. Baba ya ce Allah ya kyauta. Ni kuwa na cusa mayafi a baki.

Can ya daure ya ce: "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, kai ka aiko mini da takarda?"

Baba ya ce, "Ni? Me zan aika maka?"

Dariyar ta maƙale mini. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma na ga kafaɗun mijina sun sauka, sai tausayinsa ya kama ni. Duk da haka bai tashi ba. Ya yi bayani a hankali, har maganar Goggo. Da jin sunan Goggo, Baba ya miƙe da kansa ya ɗauko kwamfutar, a naɗe cikin tsohon rawani.

Ba a gyaran kwamfuta daga bakin ƙofa. Dole Baba ya matsa ya ce, "Hau tabarma, Malam." Suna kunnawa sai ga saƙon nan na a sabunta manhaja. Baba ya nuna shi da yatsa, da Hausarsa ta Yola: "Wannan kullum yana roƙona, ni kuma ina ce masa gobe." Ashe wata gayyata ya buɗe, wai ta taron tsofaffin ɗalibansa. Maigida ya wanke kwamfutar tas, ya sabunta komai, ya canza lambobin sirri. Suka kai dare kafaɗa da kafaɗa, har kwano ɗaya aka kai musu, suka ci ba su lura ba.

Da za mu tafi Baba ya ce, "To in da gaske zan aika maka fa?"

"Sai a kira ni tukuna, Baba."

Kai, ni na jawo wa kaina! Daga ranar wayar maigida ba ta huta ba. "Malam, ni ne na aiko, ka buɗe." A buɗe a ga hoton masara. Wata rana a ga hoton rijiya. Wani lokaci su yi ta hira har abinci ya huce, takardar ma ba ta zo ba. Na ce da shi, "Uban nawa ne fa, a riƙa rage mini." Ya ce in kira in tambaya ko akwai saura.

Bayan rasuwar Baba da 'yan watanni, wata safiya na tarar da shi gaban kwamfuta ba ya motsi. Imel ne da sunan Baba, da takarda a maƙale. Ɓarayin nan ne, ba su yar da tsofaffin sunayen da suka kwasa ba. Shi ya fi kowa sanin haka. Amma ya ajiye wayarsa a gefen kwamfutar, yana kallon ta.

Na buɗe baki zan tsokane shi, na kasa. Na dafa kafaɗarsa.

"Bai kira ba," ya ce.

Ya goge saƙon, sannan ya kifa kai a kan tebur ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.