Wasiƙar Baba Ishaya da Ban Kai Ba

Kafin na lalace, buga takardu nake yi a wani ɗan shago a Samaru. Hannuna na da sauri, na kuma iya tsara wasiƙa. Abin da Allah Ya ba ni ke nan, na raina.

Wata rana Baba Ishaya, tsohon malamin makaranta mai gidan burodi a Sabon Gari, ya zo da takardar haraji. An yanka wa kamfaninsa kuɗin da ya fi ƙarfinsa. Doka ta ba shi kwana talatin ya rubuta ƙorafi, in sun wuce, kuɗin sun hau kansa. Na buga masa wasiƙar. Gwiwarsa na ciwo, sai ya miƙo mini kuɗin mota ya ce, "Ɗana, kai mini ofishinsu. Ka tabbata sun buga hatimi a kwafina, shaidar sun karɓa."

Kuɗin motar na fara ci. Na ce gobe zan kai, goben ta zama mako biyu. Da ya matsa mini, na je aka sassaƙa mini hatimi, na buga, na kai masa. Har albarka ya sa mini. Ganin abin ya wuce lafiya, na mai da shi sana'a. Masu kantin magani, masu ruwan leda, ina karɓar kuɗin mota da na ganin oga, wasiƙunsu na ƙarƙashin katifata.

Ran da ma'aikatan haraji suka zo rufe gidan burodin, Baba ya fito da kwafinsa hankali kwance. Babbansu ya duba ya ce ba su da hatimi irin wannan. Suka sa kwaɗo, ƙullu na kumbura a ciki.

Asirina ya tonu, aka kama ni. Shekara biyu na yi a gidan yari. Ba na son maganar wurin.

Da na fito na tuba, na je gidansa a Hanwa na durƙusa. Gidan burodin bai sake buɗewa ba. Ya ce, "Na yafe maka tuntuni. Amma takarduna daidai suke, ɗana. Da ka kai, da sun saurare ni." Wallahi da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Samari, na gaji, ba ni da dogon wa'azi. In an ba ku saƙo ku kai, in ba za ku iya ba ku mayar wa mai shi tun da sauran lokaci. Daga Samaru zuwa ofishin nan, mota ɗaya ce.