Takardar Shawarar Kawu Bawa

Danwarai zuwa Maiyama

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Talata na fito daga gida a Danwarai, ko ladan bai yi kiran farko ba. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni Aliero, na yi salla a masallacin tasha, na samu motar albasa mai zuwa Jega na lafe a gaba kusa da direba. Ni ɗan albasa ne, warinta ba ya damuna, amma ranar na sa sabuwar shadda, sai na ji kamar kowane buhu da ni yake gaba.

Dalilin tafiyar nan Kawu Bawa ne, ƙanen mahaifiyata, malamin allo a Maiyama. Yayarsu, Inna Hajo, tana aure a Gaya ta ƙasar Nijar. Mijinta ya rasu lokacin da iyaka take rufe, ga korona ta ƙara ɗaure hanya, Kawu bai samu zuwa gaisuwa ba. Ya kira ta a waya ya fi a ƙirga, ta ƙi karɓa. Saƙo ɗaya ta aiko: "Gaisuwar mutuwa da ƙahwa aka yin ta. Ran da anka buɗe hanya in bai taho ba, kada shi taho ko ran da nim mutu." Wanda ya san Inna Hajo ya san ba ta magana biyu.

Da aka buɗe iyakar Kamba, ɗanta Mamman ya kira ni ya ce ma'aikata sun tsaurara, kowa ya zo da katin shaida, da katin allurar korona, da takardar shawara. Ni nawa suna nan tun ina bin motocin albasa zuwa ƙetare. Na kira Kawu na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini, ya ce in ba shi sati biyu.

Bakwai saura minti goma na iso Maiyama. Na tarar da shi a ƙofar gida ya sha rawani, ga ƙullin goro, ga buhun gero rabi, ga turmin atamfa.

"Kawu, katin korona fa?"

"Ga shi."

"Takardar shawara?"

Ya dafa aljihun gaba. "Tana nan. Kwana ukku nic ci wajen haɗa ta."

Na so in ce a nuna mini, sai ya dube ni ta saman tabarau. "Usmanu, ni nib biya ma baƙi da wasali. Yanzu kai za ka bincike aljihuna?" Na haɗiye maganata na ɗauki buhu.

Jega

Mun koma Jega bakwai da rabi, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. A tasha muka karya da masa da koko a wajen wata dattijuwa. Kawu ya ci bakwai, ya ce masar ba ta kai ta Maiyama ba, ya ƙara uku.

Motar Kamba ba ta cika ba sai tara da minti ashirin. Ɗan kamashon tasha ya so ya cusa mutum na biyar a kujerarmu, Kawu ya ce masa, "Ɗana, mutane ka ɗauko ko buhunnan albasa?" Aka bar mu mu huɗu. Direban wani siriri ne mai yawan zance, da ya ji Gaya za mu sai ya waiwayo.

"Malam, ka yi allurar ko?"

"Har biyu. Hannun nan kwana biyu ban ɗaga allo da shi ba."

"To ka haye!"

Ni ma a zuciyata na ce mun haye.

Jega zuwa Kamba

Muka bi ta Kalgo muka karkata zuwa Bunza. Na ƙirga shinge tara kafin Kamba, na 'yan sanda, na kwastan, na 'yan shige da fice. A wani shingen wani ma'aikaci ya soka hannu cikin geron Kawu, Kawu ya ce masa, "Gero na, shigowa da shinkahwa anka hana, ba hita da tuwon 'yar'uwa ba." Mutumin ya yi dariya ya ce a sa shi a addu'a. Sha biyu saura kwata muka sauka Kamba, muka hau babura biyu zuwa bakin iyaka.

Bakin iyaka

Kafin a kai ga masu buga hatimi, akwai rumfar ma'aikatan lafiya. Wata mata ce a zaune da takunkumi a fuska. Ta ɗora mana abin auna zafin jiki a goshi, ta duba katunana ta miƙo mini. Ta duba katin koronar Kawu, ta ce, "Baba, saura ta shawara."

Kawu ya gyara tsayuwa, ya zaro wata takarda a naɗe cikin leda, ya warware ta a hankali. Farar takarda ce cike da rubutun ajami, ƙasanta dangwalen yatsu reras.

Matar ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta kira wani dattijon ma'aikaci mai karanta ajami. Shi kuwa bawan Allah ya karanta da ƙarfi: "Mu dangin Malam Bawa na Maiyama mun zauna bayan La'asar mun yi shawara. Mun yarda shi tahi Gaya gaisuwar mijin yayarshi. Babu wanda yas saɓa, sai Audu, shi ma daga baya ya yarda."

Wayyo! Wani ɗan kasuwa da ke bayanmu sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, dariya na cina, kunya na cina.

"Mi ab abin dariya?" in ji Kawu. "Takardar shawara anka ce. Ga liman, ga mai unguwa, mutum sha ɗaya!"

Matar ta sauke takunkumi, ta yi masa magana da ladabi. "Baba, ba wannan shawarar ba. Ciwon shawara, mai sa ido ya yi rawaya. Allurarsa ake yi a ba ka kati, irin na ɗanka."

Kawu ya juyo gare ni. "Kai ka san da haka?"

"Na sani, Kawu."

"Shi na ba ka ce ciwo ba?"

Laifina ne tsaf, kalma ɗaya ce na rage.

Matar ta ce za a iya yi masa allurar nan take, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana goma. Nan dariya ta ƙare. Tausayin Kawu ya kama ni, don na san Inna Hajo ba za ta ji wani bayani ba, cewa za ta yi ya zo bakin ƙofa ya juya.

Wani ɗan kabu-kabu ya matso yana raɗa mana cewa akwai hanyar daji, minti arba'in mun shiga Gaya. Wallahi ni har na fara lissafin ɗaura buhu. Kawu ya ce, "Shekara talatin ina hana yara tsallake katanga. In tahi gaisuwar mamaci ta ɓarauniyar hanya? A'a." Ya naɗe hannun riga ya ce a yi masa allurar.

Dattijon nan mai ajami ne ya kawo mafita. Ya nuna wata bishiyar darbejiya tsakanin shingenmu da na Nijar, ya ce in tsohuwar za ta iya zuwa, zai yi wa ma'aikatan can magana, ita da Kawu su zauna a inuwar.

Gaya, da dawowa

Ɗaya da minti goma na ƙetara ni kaɗai. Na samu Inna Hajo tana tsinkar zogale. Na ba ta labari tun daga farko. Ta fashe da dariya har da hawaye. "Bawa ke nan! Tun yana yaro in an aike shi sayen gishiri, sai ya tara mutane." Ta ce Mamman ya fito da mota.

Uku saura kwata muka iso darbejiyar. Kawu yana hango ta ya cire takalmi, ya durƙusa da rawaninsa da furfurarsa, ya ce, "Yaya, ya haƙuri? Allah shi gahwarta mai." Ta ce, "Haƙuri da godiya," ta dafa kansa, suka yi kuka su biyu. Ni da Mamman muka koma gefe muna duban motoci.

Sun yi awa ɗaya da rabi a tabarma. Ta kawo fura da soyayyun zabi biyu, aka raba har da ma'aikatan ɓangarorin biyu. Da za a rabu ta ce, "Na karɓi rabi. Gaisuwar bakin hanya ba ta cika ba. Ka taho ka zamna ɗakinshi, ka ga kabarinshi, sannan mu gama."

"In Allah ya so, Yaya."

Gida

Mun kwana Kamba gidan wani abokin cinikina, ya yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Laraba ƙarfe takwas muka kamo hanya, sha ɗaya muna Jega, sha biyu saura muna Maiyama. Duk hanya Kawu bai tanka wa direba ba, sau ɗaya kawai ya ce, "Ta tsuhwa, Usmanu. Ban san ta tsuhwa haka ba."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa matar rumfar lafiya da ba ta kunyata tsoho ba, da dattijon da ya ara mana inuwa, da mai masaukinmu na Kamba.

A ƙofar gida ina sauke masa jaka ya riƙe hannuna.

"Saura kwana nawa?"

"Goma aka ce, Kawu."

"Tara," ya ce. "Jiya ta wuce. Ka taho da wuri, kada ta jira."