Kwana ɗaya da mahaifina ya roƙa

Edita, a shekarun da aka fara aikin madatsar ruwan Bakolori ni matashin malamin firamare ne a Talata Mafara, ina da sabon keke, da wando mai kari, da bakin da ba ya gajiya. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ko'ina zancen gini da ci gaba ake yi. A lokacin na sayi wani tsohon littafin tarihin Amurka a kasuwar Gusau, littafin nan kuwa ya shige mini kai. A ciki na ga su ma Amurkawa sun yi nasu yaƙin basasar, ɗan'uwa ya ɗaga wa ɗan'uwa bindiga kamar mu. Da suka ajiye makamai sai suka shimfiɗa layin dogo daga wannan bakin teku zuwa wancan, suka gina masana'antun ƙarfe, suka haƙo mai, inji ya karɓi aikin hannu. Na ce shi ke nan, hanyarmu ke nan. A aji Amurka, wurin mai shayi Amurka, har abokai suka laƙaba mini Ba'amurke. Ni kuwa daɗi nake ji, ban gane tsiya suke mini ba.

Da katafila ta fara shiga gonakin Bakura tana baje ƙasa don noman rani, sai na ga kamar littafina ne ya sauko ƙasarmu. Kamfanin da ke aikin yana neman mai jin Turanci, nan da nan na ajiye alli na zama tafintan wani Bature injiniya. Mutum ne mai sauƙin kai, idan manomi ya zo da magana yakan tsaya ya saurara. Ni ne mai gaggawar. Na sha cika masa baki cewa mutanen gidanmu wayayyu ne, ba irin masu tare masa hanya saboda bishiya ba.

Gonarmu ta gado ce, tsakanin mahaifina da ƙanensa da muke ce wa Baffa. Ba takarda, ba komai. Kakanmu ne ya raba musu ita da layin gamba, ciyawar nan da ake yin zana da ita, ya bar wani babban gawo a tsakiya. Haka ake shaida iyaka a wurinmu. A gindin gawon nan suke haɗuwa su sha fura idan rana ta take, kuma ban taɓa jin sun yi sa-in-sa ba.

Ranar da aiki ya iso gonarmu, Baffa ya tafi kasuwa. Mahaifina ya zo da fartanya a kafaɗa, ƙafa duk ƙasa. Ya gaida Baturen gaisuwa irin tamu, har da tambayar iyali da gajiya. Sannan ya ce in faɗa masa bai zo hana aiki ba, bai kuma roƙi a bar gawon ba. Kwana ɗaya kawai yake nema, ya kira ƙanensa da dattawan gari, su ja igiya daga layin gamba zuwa wani dutse da ke gefen gonar wanda inji ba zai iya kawarwa ba, don ko an baje ƙasa kowa ya san nasa. Na dubi Baturen da agogonsa, na dubi ƙafafun mahaifina, sai kunya ta kama ni. Igiya da dattawa, a gaban mutumin da na cika wa baki! Na juya na ce tsohon yana yi musu maraba ne, yana kuma godiya. Baturen ya yi murmushi ya miƙa masa hannu. Shi kuma mahaifina na ce masa Bature ya ce babu lokaci, komai yana cikin takarda. Ya koma gefe ya tsuguna. Kafin azahar babu gamba, babu gawo.

An ɗauki shekaru kafin a mayar wa mutane filayensu. Wahalar da aka sha a tsakani da abin da ya biyo baya kowa a ƙasar nan ya san shi, ba shi na zo faɗa ba. Da aka mayar da tamu, hanyar ruwa ta siminti da titin gefenta sun cinye wani yanki mai yawa. Rabon wa aka ci? Mahaifina ya ce na Baffa ne, Baffa ya ce na yayansa ne, kuma kowannensu da gaskiyarsa yake magana, don babu abin da za a duba. Dattawa suka yi iya yinsu suka gaji. Aka daina aika abinci tsakanin gidajen biyu, aka daina zuwa suna. Daga baya Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma wajen surukansa a Faru, ƙasar Maradun. Ina kallo, bakin nan nawa da ba ya gajiya ya yi tsit.

A shekarun ne na koma wa littafin. Ashe babin da ke da hotunan jirgin ƙasa kawai nake ta maimaitawa. A gaba akwai mutanen asalin ƙasar da aka kora don dogo ya wuce, akwai bayin da aka 'yanta suka koma noma gonar wani, akwai ma'aikatan da ke wuni a bakin wutar ƙarfe har suka yi ta yajin aiki. Amurkawa sun ci gaba, ba ƙarya, amma akwai waɗanda aka bi ta kansu, kuma ni rabin labarin na haddace na zo ina wa'azi da shi.

Da mahaifina ya kwanta ciwo, wata rana da hantsi ya kira ni. Ya ce tun a ranar ya sani. Shi bai jin Turanci, amma maganarsa doguwa ce, tawa kuwa ko numfashi biyu ba ta kai ba, kuma ba a yi wa mutum murmushi a miƙa masa hannu don an hana shi abu. Ya ce ya yi shiru ne don kada ya kunyata ni gaban maigidana, daga baya kuma ya ji nauyin a ce ɗansa ne ya jawo. Ya ce in je Faru in faɗa wa ƙanensa da bakina. Na ce to, sai an yi hutun makaranta, don na riga na koma koyarwa. Gaskiya tsoro nake ji. Bai kai hutun ba.

Bayan sadakar bakwai na tafi Faru na faɗa wa Baffa komai. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, filin ma ba ya so. Sannan ya tambaye ni a hankali me ya hana ni zuwa tun yayansa yana da rai.

Na tsufa yanzu, kuma ban zama maƙiyin inji ba. Ruwan madatsar nan ya ciyar da gidaje da yawa, har da nawa. Amma ina jan kunnen yaranmu masu karatu, waɗanda ake sawa a tsakanin iyayensu da manyan ayyuka. Idan kun karanta yadda wata ƙasa ta ci gaba, ku karanta har ƙarshe. Idan tsoho ya ba ku saƙo, ku isar da shi yadda yake, ko da kuna ganin na ƙauye ne, don sau da yawa ya hango abin da takarda ba ta ɗauka ba. Idan kuma kun yi kuskure, kada ku jira hutu. Ni kwana ɗaya na hana mahaifina, ya koma ga Allah bai sake zama tabarma ɗaya da ƙanensa ba.