Motar da Ba Ta Lotsewa

Mai Walda mutum ne da ba ya yarda da abin da ba shi da nauyi. Kujera ce, ƙofa ce, ko cokali, sai ya ɗaga ya ji a hannunsa kafin ya ce yana da kyau. Tun yana saurayi yake tsugune gaban ƙarfe a wata rumfa ta bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da batir, har idonsa ya yi ja ya zauna a haka. Rabin ƙofofin unguwar aikin hannunsa ne, ba a kuma taɓa jin an ɓalle ko ɗaya ba. In ka faɗa masa haka, ranar ba shi da abokin da ya wuce ka.

Bayan mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, babu abin da yake so kamar wata tsohuwar mota jif ruwan ƙasa. A kwance ya saye ta, ya tashe ta da kansa. Bambar da ta zo da ita ya cire ya yar, ya walda mata bututun ƙarfe mai kaurin cinya a gaba. Bel ɗin kujerar gaba ya maƙale ya ƙi fitowa, sai ya sa wuƙa ya yanke shi, ya ce wanda ke cikin wannan mota ba ya bukatar igiya. Kowane wata shi ke kai Inna asibiti a duba mata hawan jini. Har ɗan mataki ya ƙera mata a gefen ƙofa saboda gwiwarta. Tana gaba, yana tuƙi, yana ɗaga wa mutane hannu ko bai san su ba.

Sai ƙaninsa Auta, wanda ya yi karatu ya samu aikin ofis, ya shigo da wata ƙaramar mota fara, sabuwa dal. Mai Walda ya zagaya ta sau biyu, ya danna ƙofar da babban yatsa, ƙofar ta shiga ta dawo.

"Gwangwanin madara ka sayo mana," in ji shi.

"Yaya, ka shiga dai ka ji."

Bai shiga ba, Inna ce ta shiga. Ba hawa, ba mataki, ta zauna kawai kamar a kan gado. Motar ta kama ƙara ƙit-ƙit har sai da Auta ya ɗaura mata bel, ta yi ta dariya wai mota mai faɗa da mutane. Da watan asibiti ya zo, ta ce, "Babba, ka huta wannan karon. Gwiwata ta gaji da hawan dutsen nan naka."

Kishi ne ya kama shi, ba wani abu ba, kuma ba na mota ba ne. Shi ya bar makaranta ya kama walda lokacin da mahaifinsu ya kwanta ciwo. Shi ya goyi Autan nan, ya wanke masa majina. Yanzu ga shi yana tsaye bakin rumfa da tabarau a goshi, farar mota ta wuce da Inna a gaba, gilashi a rufe, ko ganinsa ba ta yi ba. Ranar ya ƙona ƙofar wani mutum har wuri biyu. Da matarsa ta ce ai ya samu sauƙi, kwana ya yi bai kula ta ba.

Ana haka wata rana aka kira shi, wai motar kaya ta shiga gaban motar Auta a mahaɗar hanya, kuma Inna na ciki. Ya tafi ba takalmi. Ya iske gaban motar ya naɗe har kusa da gilashi, jakunkunan iska sun fito sun saki. Inna kuwa tana zaune kan bencin wani mai shago, tana mitar an ɓata mata mayafi. Ko ƙwarzane babu. Ya durƙusa ya taɓa ƙafarta, ya yi godiya ga Allah da zuciya ɗaya. Sannan ya waiwaya ya sake kallon motar, wani daɗi mara kunya ya taso masa, bai kuma kore shi ba.

"Ka gani ko?" ya ce wa Auta. "Dubi abin da ka zuba mana uwa a ciki."

"Yaya, haka aka yi ta. Gaban ne ke shanye dukan don kada ya iso ga mutum."

"To. An ƙera ta don ta lalace ke nan. Lallai karatu ya yi rana."

Sati guda yana kai mutane garejin da aka ajiye ta suna kallo. Duk wanda ya zo karɓar aiki sai ya ji labarin, kowane faɗi motar kayan na ƙara ƙanƙancewa, har ta kusa komawa keke. Inna ta dawo jif, don babu wata. Mai Walda ya sake fentin matakin, ya sayi sabon matashi. Watannin nan ya yi ƙiba.

Abin ya faru da safe ne, bayan an yi yayyafi, suna hanyar asibiti. Wani mai babur ya faɗo masa daga lungu, ya kauce, taya ta zame, jif ta daki ginshiƙin siminti na wata katanga. Ba gudu yake ba. Amma motar ta tsaya cak, ita kuwa Inna ba ta tsaya ba. Ƙirjinta ya daki allon gaban motar, goshinta ya samu gilashi. Shi sitiyari ya tare shi, ya fasa masa leɓe.

Ya zagayo ya buɗe ƙofarta, ya tallabo kanta. Tana numfashi guntu-guntu, ta kasa ko kiran sunansa. A bayansa mutane sun taru, yana jin su sarai.

"Kai, wannan mota ƙarfe ce. Ginshiƙin ne ma ya tsage."

"Ko lotsewa ba ta yi ba. Waye ya yi mata wannan aikin?"

Maganar da ya yi shekaru yana jira a faɗa ke nan, aka faɗa masa ita hannunsa cike da jinin uwarsa.

Likita ya ce haƙarƙari sun karye, da wuyan hannu. Auta ya zo, ya zauna gefen gadon Inna, bai ɗora masa laifi ba. Da ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Mai Walda ya rufe rumfa ya koma barandar asibiti. Amma in Inna na son juyawa, Auta take kira, wai hannunsa ya fi taushi. Ko a nan sai da abin ya soke shi, ya kuma ji kunyar kansa.

Ranar sallama ya wanke jif tas, ya shimfiɗa bargo biyu a kujerar gaba, ya kawo ta daidai ƙofar fita. Auta kuma ya aro motar wani abokin aikinsa, ƙarama, irin waccan. Aka turo Inna a keken marasa lafiya, ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ba ta yi fushi ba, muryarta ma a tausashe take.

"Babba, kai ka ɗauko mana kayan. Taka ta fi wuri."

Ya loda bokiti da tabarma da jakar magani. Auta ya ja a hankali, shi yana biye. Ta gilashin bayansu yana hango ƙeyar Inna ta karkata wajen Auta, tana yi masa wata magana da shi ba zai ji ba. Har suka isa gida bai bari wata mota ta shiga tsakaninsu ba.