Tulun da Aka Bari a Mota

Mus'ab ɗan Abdallah haifaffen Jidda ne, a unguwar Madain Fahd. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa domin sauke farali, bai kuma koma ba. Shi kuwa jikan, a tuƙi Allah ya ajiye abincinsa. Shekara ashirin da uku ke nan yana jan motar kafilinsa Meshari, wato maigidan da ya tsaya masa a wurin hukuma, wani attajiri a unguwar Abhur. Mus'ab mutum ne mai ƙarancin magana, ba a rasa shi a sahun farko.

Duk shekara idan zafin Jidda ya tsananta, yakan kai iyalin maigidan Dutsen Suda a ƙasar Asir, inda hukuma ta keɓe daji domin masu yawo. Su shiga itatuwa da sandunansu, shi ya zauna a mota da carbinsa. Sukan dawo suna yabon iskar wurin, har ya ƙudurta a zuciyarsa cewa waraka ce. Ciwon kan da yake ji a can kuwa, ya ɗora shi a kan gajiyar hanya.

Yana da wa mai suna Saleh, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu. Ƙurar siminti a unguwar masana'antu ta cinye huhun Saleh, har likita ya haɗa shi da tulun iskar numfashi. Mus'ab ya roƙi hutun kwana uku, ya ari mota, ya ɗauki yayansa zuwa dutsen. Bai shawarci likita ba, domin bai ga abin shawara a cikin alheri ba.

Da suka isa, sanyi ya bugi fuskar Saleh, ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

"Kai, marowaci! Shekara ashirin kana shan wannan ni'ima kai kaɗai?"

"Yaya, bari in ɗauko tulun."

"Halas, ya isa, bar shi. Ka kawo ni inda ake yin iskar, sannan ka biyo ni da ta gwangwani? Yalla, mu je."

Hanyar ta fara da gangara. Mutumin Jidda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya tashi, tafiya da dawowa duk ɗaya ne a wurinsa. Mus'ab kuma bai taɓa taka hanyar nan ba, iyakarsa wurin ajiye motoci. Suka yi ta sauka kusan rabin sa'a cikin nishaɗi. Yayyafi ya sauko, Saleh ya cire hularsa domin ruwan rahama ya taɓa kansa.

Da suka juyo, taku goma Saleh ya yi ya zauna. Leɓensa ya yi baƙi, ƙirjinsa yana ja ba ya samu. Mus'ab ya goya shi, nasa numfashin ya ƙare, suka durƙushe tare. Waya ba ta kamawa a kwarin.

"Ƙanena," in ji Saleh da ƙyar, "je ka ɗauko mini ta gwangwanin."

Mus'ab ya jingina shi da itace, ya lulluɓe shi da rigarsa, ya haura yana haki. Kafin ya dawo da tulun, girgije ya sauko har ƙasa, mutum ba ya ganin ƙafarsa. Hanya ta rabu uku, bai san wadda suka bi ba. Ya yi ta kiran "Yaya!" har murya ta dushe.

Bayan la'asar ma'aikatan dajin suka kai shi wurin. Saleh ya riga ya cika, ya karkata ga alƙibla. Tulun yana rungume a ƙirjin Mus'ab, cike yake.

Likitan da ya duba gawar ya faɗa masa cikin tausasawa cewa iskar bisa dutse tana da tsabta amma ba ta da ƙarfi, ba a hawa da mai irin wannan huhu. Washegari aka yi jana'iza a Abha, garin da ke kusa da dutsen, cikin mutanen da ba su san mamacin ba.

Har yau Mus'ab yana kai iyalin Meshari dutsen, domin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun maigidan take. Sukan ce, "Baffa Mus'ab, fito ka sha iska." Sai ya girgiza kai, ya ɗaga gilashi, ya jira su. Allah ya yalwata wa Saleh makwancinsa, ya sassauta wa wanda ya bari.