Barira da Sunan 'Yar Fari a Makarantar Ingila

Duk mai cin kasuwar Ɗanbatta ya san Inna Barira mai ƙuli-ƙuli, amma ba kowa ya san ta taɓa zama a Ingila ba. Ta zauna kuwa, wata goma sha ɗaya cur, a shekarar babban farin nan da gero ya ƙone a tsaye. Mijinta Malam Ja'afaru malamin gona ne, gwamnati ta tura shi kwas, ya tafi da ita da 'yarsu ta fari, Rukayya, mai shekara shida.

Barira ta ɗauka yarinyar za ta zauna gida ta taya ta aiki. Sai Malam ya ce a can doka ce, yaro ya kai biyar sai makaranta, in ba a kai shi ba hukuma ta biyo iyaye har gida. Ba wanda ya tambayi me Rukayya ta sani, shekarunta aka duba aka sa ta aji. Ba bulala, ba na ɗaya ba na ƙarshe. Da hantsi a ba su madara, da rana abinci, abin da suka rage a zubar. Ranar da Barira ta ji wannan zubarwar ba ta iya cin komai ba, don wasiƙar gida ta ce 'yan uwanta sun koma cin dusa.

Sai aka kira iyaye, yadda suka saba, uwa da uba su zauna gaban malama a yi maganar ɗansu. Malamar ta yi ta yabon Rukayya, Malam yana fassarawa, Barira ta kau da kai tana kallon bango. Yarinyar ta kawo zanen da ta yi, ba ta karɓa ba. Da malamar ta roƙe ta ta koya mata faɗin sunan daidai, sai ta ce, "Yarinyar nan dai." To wace uwa ce a wajenmu za ta kama sunan 'yar fari, ko ta yi murna da ita a gaban mutane? Kunya ai ba ta bari.

Bayan kwana uku wata ma'aikaciyar hukuma ta zo gidan da jakar takardu. Ta duba hannuwan Rukayya da bayanta, ta leƙa inda take kwana. Malam ya yi ta bayanin kunya har muryarsa ta dushe, matar tana ta rubutu. Daga ƙarshe ya juyo ya gaya wa Barira suna zaton ba ta son yarinyar, ko ma ba ita ta haife ta ba, kuma a ƙasar suna da ikon ɗauke yaro su ba wasu riƙo.

"Kakarta ai tana Ɗanbatta," in ji Barira.

"Ba kaka ake ba wa ba. Baƙi."

"Malam, duk bokon nan naka, ka kasa gaya musu ni na haife ta?"

"Na gaya mata. Daga bakinki take son ji."

Barira ta dubi ƙofa, ba suruka, ba maƙwabciya. Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, ta ce, "Rukayya. Tawa ce."

Yarinyar ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba, sai ta fashe da kuka. Barira ta share mata hawaye da bakin mayafi. Matar ta daɗe tana kallonsu, sannan ta rufe littafinta. Sau ɗaya ta ƙara zuwa, kuma Rukayya ta ƙare shekarar a ajinta, tana kwana a ɗakin uwarta.